Ƙarar gaban motar ibrid: a biya bakanike kuɗin bincike kafin a saya masa amortisa

Duk wanda ya saba zama a gareji, a Yamai ne ko Maraɗi ko Damagaram, ya san amsar da ake ba mai motar da ya zo yana kukan gaban motarsa na ƙwanƙwasa. Kafin ya rufe baki an ce masa amortisa ce, wadda mutanen Kano ke kira shokabzoba. A sayo biyu, a ɗaura, ya biya. Bayan kwana uku ƙarar ta dawo yadda take, sai a ce to rotil ne. Haka za a bi ƙafar motar ƙarfe bayan ƙarfe har a dace da mai laifin, ko kuɗin mai motar su ƙare. Wannan canki-canki ya daɗe a garejojin ƙasar nan, amma shigowar kat-kat masu haɗa fetur da lantarki, irin su RAV4 da Highlander da Lexus RX na ibrid, ta ƙara masa tsada, ta kuma ƙara masa haɗari. Lokaci ya yi da za a raba bincike da gyara, a sa wa kowane kuɗinsa.

Ba abin mamaki ba ne da matasa suka karkata ga waɗannan motoci. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, man ruwa-ruwa ya daina zama mai arha kamar da, kuma wanda ya kwana a layin gidan mai a watan Maris na 2025 ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin motar da ba ta shan mai sosai a cikin gari. Ga kuma 'yan uwa mazauna Amurka da Kanada da Turai da ke turo wa gida mota. Sai dai akasarinsu na hannu ne. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Motar da ta yi shekara goma a kan titin Toronto, inda ake zuba gishiri don narkar da ƙanƙara, tana isowa da tsatsa a ƙasanta da robobin da suka riga suka gaji. Wata ma daga gwanjon motocin da suka yi hatsari aka sayo ta, aka gyara fuska aka bar ƙafa a lanƙwashe. Daga nan a ɗora ta a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, ko a kan marmara mai kunya-kunya ta shiga ƙauye, a zafin watan Afrilu.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne ibrid ba ta fi sauran motoci lalata ƙafa da wani abin a zo a gani ba. Ta ɗan fi nauyi saboda batir da injinan lantarki, amma babban bambancin shi ne shirunta. Idan tana tafiya a hankali cikin unguwa, injin fetur yakan mutu, lantarki ya ja ta. Ƙaramar ƙarar da rurin inji zai rufe a tsohuwar Corolla, a nan tana fitowa sarai. Wannan shiru ni'ima ce ga mai bincike, domin motar da kanta tana ba shi damar saurare. Ga mai gaggawa kuwa tarko ne, don akwai ƙararrakin da motar take yi tana lafiya lau.

Misali, idan aka buɗe ƙofar direba ko aka taka birki sau biyu uku, akan ji wani ɗan gurnani daga cikin bonet na 'yan daƙiƙu. Famfon birki ne ke tara ƙarfi, aikinsa ke nan. Idan ana rage gudu akan ji siririn fito, wannan injin lantarki ne ke mayar da gudun motar caji zuwa batir. Idan injin fetur ya tashi ko ya mutu ana cikin tafiya, akan ji ɗan girgiza. Sababbin ƙira kuma suna da wata ƙara da aka sa musu da gangan a ƙaramin gudu da lokacin ja da baya, don mai tafiya a ƙasa da makaho su san mota na zuwa, kuma dokar Amurka da ta Tarayyar Turai ce ta wajabta ta. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya shafi ƙafa. Amma a lura: famfon birkin da ya koma yin gurnani a kai a kai ba hutu, ko girgizar tashin inji da ta zama dukan ƙarfe, waɗannan alamun ciwo ne, na farko a birki, na biyu a robobin da inji ke zaune a kansu. Bakaniken da bai san wannan ba zai canza amortisa huɗu a banza.

Ƙafar gaban waɗannan motoci ba wani sihiri a cikinta. Irin ta sauran ce: amortisa a cikin sifirin, samanta a ɗaure da jikin mota ta wani kofi mai roba da boris, ƙasa kuma hannun ƙarfe mai kusurwa uku da makanikai ke kira tiriyangil, mai silambulok biyu, wato robobin da ke haɗa shi da jikin mota, da rotil ɗaya, wato gaɓa mai kan ƙwallo da taya ke juyawa a kanta. Sai sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, wadda ƙananan sanduna biyu da ake kira biyelet ke haɗa ta da amortisa. Sai sandunan sitiyari, da rulma ko boris na taya, da kardan mai kai ƙarfi ga taya. Kowane cikinsu da irin kukansa da lokacin da yake yin sa, kuma lokacin ya fi irin kukan muhimmanci.

A ɗauki biyelet, wadda ita ce ta fi saurin gajiya kuma tana cikin mafi arha. Kukanta ƙwas-ƙwas ne mai sauri, a ƙaramin gudu, a kan hanya mai ƙananan ramuka. Tana yin sa ne idan taya ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, domin a lokacin ne sandar ke murɗewa. Idan aka hau tudun rage gudu da tayoyin biyu a tare, sau da yawa sai ta yi shiru. A hau tudun nan a karkace, sai ta tona kanta. Gwajin da ke yanke gardama ba ya cin ko dala: a kwance biyelet ɗin, a ɗaure sandar gefe da waya, a zaga unguwa a hankali. In ƙarar ta ɓace an gama. Abin takaici, wannan 'yar sanda ce ta fi jawo wa amortisa sharrin da ba nata ba, domin a jikinta take ɗaure, kuma daga kujerar direba kukan daga wuri ɗaya yake fitowa.

Silambulok kuwa kukansa ɗaya ne mai nauyi, dum, lokacin da aka taka birki ko aka tashi daga tsaye, ko aka sauya daga gaba zuwa baya. Motar takan riƙa yawo a kan kwalta, direba yana ta gyara sitiyari. Zafi da mai da ke ɗiga daga inji su ne maƙiyan robar. Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare wajen sa sabo: ana ƙulle ƙusoshinsa tamau motar tana rataye a kan jak. Da an sauke ta sai robar ta murɗe ta zauna a haka, kafin wata shida ta tsage, a ɗora laifin a kan mai sayar da kaya. Ƙa'ida ita ce a yi ƙullin ƙarshe nauyin motar na kan tayoyinta.

Idan motar na tsaye aka juya sitiyari aka ji ƙas ko wani ɓoyon kamar an saki waya, a dafa sifirin da hannu wani ya juya. In an ji yana maƙalewa yana saki, boris ɗin kofin sama ne. Idan ƙas-ƙas-ƙas ne a jere lokacin da aka karya sitiyari gaba ɗaya ana ba ta wuta, kardan ne, kuma za a tarar robarsa ta yage, man giris ya fantsama cikin taya. Idan kuma ruri ne mai ƙaruwa da gudu, wanda ke sauyawa in an ɗan karkata hagu ko dama, rulma ce. Sai dai tayar da ta cinye tudu da kwari tana yin irin wannan ruri, don haka a mayar da tayoyin gaba baya a sake saurare kafin a sayi komai.

Rotil shi ne wanda ba a wasa da shi. Sauran suna ɓata rai ne su ci kuɗi, shi kuwa yana kisa. Da robarsa ta yage, rairayi ya shiga ya haɗu da giris ya riƙa cin ƙwallon kamar tsakuwar niƙa, har ranar da zai fita daga gurbinsa. A wannan rana taya takan kwanta ƙarƙashin mota, sitiyari ya zama ba shi da amfani. A cikin gari, abin kunya ne da cunkoso. A kan hanyar Konni zuwa Doso, a gudun kilomita 100 da iyali a ciki, magana ce ta daban. Wani lokaci ma ba ya yin ƙara mai yawa kafin ya saki, ɗan ƙiiƙ ne wajen juyawa. Ana duba shi ne a ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a sa ƙarfe tsakanin tiriyangil da gindin taya a ɗan banƙara ana kallo da fitila. A kama taya hagu da dama a girgiza kuma, wannan sandunan sitiyari yake nunawa. Mai motar da aka canza wa amortisa ya tafi da ruɓaɓɓen rotil ya yi asara biyu: kuɗinsa sun tafi, kuma ya samu kwanciyar hankalin ƙarya.

Ita amortisar da ake ta zargi, idan ta mutu da gaske tana da shaidunta. Mai na zuba a jikinta, motar na ci gaba da rawa bayan ta wuce rami, hanci na nutsewa in an taka birki, tayoyi na cinyewa tudu da kwari. In an ga waɗannan, a canza biyun gaba tare, a kuma kai a daidaita ƙafa. In ba a gan su ba, babu hujjar taɓa ta. Kafin ma a kai ga duk wannan, akwai ƙananan abubuwa da ke ba mutane kunya: robar ƙarƙashin inji da ta saki, notin taya da bai ƙullu ba, ƙusoshin birki da suka yi sako-sako, da iskar da mai faci ya ɗura fiye da kima har taya ta zama dutse. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba kowa ke dubawa ba.

Duk wannan bincike, a hannun wanda ya iya, bai wuce awa ɗaya ba. To me ya sa ba a yi? Ɗora wa makanikai laifin jahilci ko cuta shi ne mafi sauƙi, kuma bai cika zama gaskiya ba. Da yawa cikinsu sun fi injiniya kunne. Matsalar tana cikin yadda ake biyansu. A al'adar garejin nan, dubawa kyauta ce. Bakaniken da ya ɓata awa guda yana hawa tudu a karkace, yana kwance biyelet, ya fito ya ce noti ne ya saki ya ƙulle, abin da zai samu shi ne Allah ya saka da alheri da kuɗin shayi. Wanda ya ce amortisa ce tun daga nesa zai ci kuɗin aiki, wataƙila da ɗan rarar sayen kaya. Tsarin da ke ba mai canki lada ya bar mai bincike da yunwa, canki zai haifa. Mai motar da ke ganin biyan kuɗin dubawa asara ce, shi ne ya rubuta wa kansa wannan hukunci. A asibiti babu wanda ke jayayya da kuɗin ganin likita ko da ba a rubuta magani ba.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin biya sau biyu. Amma mai Highlander ba shi ne talakan Nijar ba, kuma lissafin a bayyane yake: ladan awa ɗaya na ƙwararre bai kai kusa da farashin amortisa ɗaya ta kirki ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe gadar Gaya da Malanbil, kayan da suka saba zuwa daga Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, ko a nemo su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Kowace zagaye da kuɗinta. Akwai kuma asarar da ba a lissafawa: sau da yawa ana cire amortisa ta asali mai sauran rai a sa jabu sabuwa fil a kwali, wadda ba za ta ga damina biyu ba. Motar ta shiga gareji da ciwo ɗaya ta fito da biyu.

Za a kuma ce laifin hanya ne, kuma akwai gaskiya a nan. Direban da ke biyan kuɗin peyaj yana da haƙƙin tambayar inda kuɗin ke tafiya. Sai dai ramin hanya ba ya zaɓen ƙarfen da za a canza, mutum ne ke zaɓa. Muguwar hanya ma ita ce babbar hujjar a riƙa duba robobin rotil da kardan duk lokacin juyen mai, tun suna tsagewa, kafin rairayi ya shiga.

Matasan birni suna da nasu camfin, wato na'ura. Mota ce ta zamani, don haka a jona mata kwamfuta ta faɗi ciwonta. Kwamfuta tana karanta abin da na'urorin motar suka ji ne, kuma babu wata waya a jikin rotil ko silambulok. Za ta iya nuna lafiya ƙalau taya na shirin fita. Amfaninta a wannan aiki yana zuwa ne daga baya, in fitilar birki ta kama bayan an taɓa ƙafa, wanda yawanci alama ce ta an tsinke ko an matse siririyar wayar da ke auna gudun taya, wadda ke bi ta jikin amortisa. A ibrid wannan waya ba ta ado ba ce, tsarin birkin motar yana amfani da abin da take faɗi.

Nan ne aka zo ga inda ibrid ta bambanta da gaske, kuma inda ran yaron gareji yake a hannun maigidansa. Motar da ta yi tsit ba lalle ne a kashe take ba. Muddin kalmar READY na haske a gaban direba, injin fetur zai iya tashi da kansa a kowane lokaci, ko da hannun yaro na kusa da shi. Kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, a kashe ta, a nesanta makullin. Wayoyi masu launin ruwan lemo ba a taɓa su, ba a dukan kusa da su da guduma, ba a kai musu wutar walda. Batirin Highlander ta farko volt 288 ne, kuma na'urar motar tana ɗaga shi har 650. A masu jan ƙafa huɗu, babu sandar da ke kai ƙarfi baya, injin lantarki ne daban a can, kuma wayarsa na bi ta ƙarƙashin mota, inda mai gaggawa ke cusa jak. Idan an cire birki don a kai ga rotil, kada a buɗe ƙofar direba, domin famfon nan zai iya tashi ya tara ƙarfi a layin birki. In kuma ta lalace a hanya, ba a jan ta da igiya tayoyin gaba na birgima a ƙasa, domin suna juya injin lantarki ya haifar da wuta. Littafin motar ya hana, ɗaukarta ake yi. Cibiyoyin koyar da sana'a da ƙungiyoyin makanikai na jihohi za su iya koyar da wannan duka a yini biyu, kuma ya fi dacewa a yi shi yanzu da a jira labarin yaron da wuta ta kama.

Ga mazauna waje da ake bugo wa waya a ce motar Baba na ƙara a turo kuɗi, akwai abin da ya fi tura kuɗin nan take. A tambaya yaushe take ƙarar: a rami, a birki, a kwana, a tsaye ko a gudu. A ce a ɗauko sautin a turo ta WhatsApp, da hoton bidiyo na ƙarfen da ake zargi ana girgiza shi, domin abin da ya yi sako-sako ido na ganinsa. A tura kuɗin bincike daban, a faɗa wa bakaniken nasa ne ko ya samu ciwo ko bai samu ba. A nemi a ajiye tsohon ƙarfen da aka cire. In za a sayo kayan daga can a turo, a yi amfani da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba, domin RAV4 ta fetur da ta ibrid na shekara ɗaya suna kama a ido, amma ba kowane kayan ƙafarsu ne ɗaya ba, musamman sifirin da aka auna da nauyin kowace. Wanda kuma ke shirin turo mota, ya sa a ɗaga ta a can a duba ƙasanta kafin ta hau jirgin ruwa, ya jefa biyelet biyu da rotil biyu na asali a cikin but. Ba su da nauyi, kuma su ne za a fara nema a shekarar farko.